Yadda za ka sayi kamarar fim mai sauƙin kuɗi a Damagaram, daga lissafi har zuwa ranar ɗauka ta farko

Tambayar da ta fi zuwa mini daga matasa masu son harkar fim, na Zango da na Birni da na Sabon Gari, har da ɗaliban Jami'ar André Salifou, ita ce: "Malam, wace kamara zan saya? Kuɗina ba su da yawa." Wasu kan turo hoton wata da suka gani a YouTube su ce ita suke so, ko nawa take. To ga amsar gaba ɗaya, mataki bayan mataki. Abin da zan yi ta nanatawa shi ne, kamarar da ta dace da mu ita ce wadda za ta jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu da ɗaukewar kuran, kuma kwamfutarka ta iya buɗe abin da ta ɗauko. Masu yabon kamara a intanet galibi a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu.

1. Ka san aikin da za ta yi, sannan ka duba kwamfutarka

Zauna ka rubuta aikin da zai kawo maka kuɗi a wata shida masu zuwa. In fim mai labari ne ko mai dogon zango na YouTube, kana da damar maimaita ɗauka, don haka kamarar da ake saita fokas ɗinta da hannu ba za ta dame ka ba. In kuwa biki ne, ko hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko kokowa, ko taron ƙungiya, abin da ya wuce ya wuce. A nan kana bukatar mai kama fokas da kanta, mai ɗaukar awa guda ba tsayawa, mai batirin da ba ya mutuwa ana tsakiyar jawabi. Yawancinmu duka biyun muke yi, biki ke ciyar da fim, saboda haka kada ka ji kunyar sa biki a lissafi.

Daga nan ka koma kan kwamfutar da za ka yi montaj da ita. Nemi wani mai irin kamarar da kake so ya sa maka minti biyu na ɗanyen hoto a filash, ka buɗe a manhajarka, ka ja shi gaba da baya. In yana tsalle-tsalle, ka san akwai wani kashe kuɗi da ke jiranka.

Hattara: DaVinci Resolve (manhajar montaj) na kyauta yana son RAM 16 GB ko fiye, kuma a kan Windows yakan ƙi karanta wasu hotuna masu 10-bit (masu ɗauke da launi mai yawa) da kamarori irin su GH5 ke ɗauka, sai an sauya su ko an sayi na kuɗi. Gara ka gano wannan kafin ka biya.

2. Raba kuɗin kafin ka ga kamara

Wannan mataki shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Mutum ya tara miliyan ɗaya, ya zuba jika 900 a jikin kamara, ya dawo gida da lens ɗaya mai duhu da batir ɗaya, ba makirufo, ba ƙafa. Jikin kamara kada ya ci rabin kuɗinka. In miliyan ɗaya na sefa ke hannuna, haka zan kasa su:

- jikin kamara, ta hannu: jika 450
- lens da filtar ND (gilashin rage haske): jika 200
- kayan sauti: jika 130
- batura, caja, katunan ajiya da disk: jika 120
- ƙafa-uku da faifan maido haske: jika 60
- kuɗin mota, canji da abin da ba a rasa ba: jika 40

In abin da ke hannunka bai kai jika 400 ba, shawarata ka dakata da sayen kamara. Sayi makirufo mai kyau da ƙafa, ka yi aiki da wayarka, ka riƙa hayar kamara ranar babban aiki har kuɗi su taru. Kayan sautin da ka saya yau za su bi ka zuwa kowace kamara.

Wajen lissafin farashin waje, yuro ya fi sauƙi, domin darajarsa a tsaye take: yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Kamarar yuro 700 ta kama kusan jika 459 kafin kuɗin kawowa da na duwan. Dalar Amurka da naira kuwa suna hawa da sauka, sai ka tambayi canjin ranar.

3. Zaɓen kamara

Zan faɗi farashin da kowace ta fito da shi tana sabuwa, don ka san inda za ka fara ciniki. Ta hannu dole ta yi ƙasa da haka sosai.

*Panasonic Lumix GH5.* Ta fito a 2017 a kan dalar Amurka 1,999, yanzu ta hannu takan sauko ƙasa da rabin haka. In mutum ya ce in zaɓa masa guda ɗaya kawai don fim a Damagaram, ita zan ce. Tana ɗaukar 4K har hoto 50 a daƙiƙa, tana da 10-bit a cikinta, ba ta da iyakar ɗauka ta minti 30, tana cin kati biyu, tana rage girgizar hannu da kanta, jikinta a rufe yake daga ƙura da yayyafi, kuma ba a san ta da mutuwa saboda zafi ba. Tana da madubin leƙawa na ido, abin da za ka gode wa Allah a kansa da ƙarfe ɗaya na rana lokacin da allo ba ya ganuwa. Lagonta biyu: fokas ɗinta na kai-da-kai yana kai-komo, sai ka koyi juyawa da hannu, kuma cikin duhu hotonta yana yin yashi-yashi. Yayarta GH4 ta 2014 ta fi araha, tana da 4K, amma ba ta rage girgiza.

*Canon C100 Mark II.* Ta ƙarshen 2014 ce, ta fito a kan dalar Amurka 5,499, yau ana samunta ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na wannan. Matasa suna raina ta saboda ba ta da 4K, 1080 kaɗai take ɗauka. To amma ka tambayi kanka a ina za a kalli aikinka. A waya ne, ta WhatsApp da YouTube da Facebook, da data mai tsada. C100 tana da filtar ND a cikinta, tana da ramukan XLR na manyan makirufo, batirinta yana kai awanni, fokas ɗinta na Dual Pixel yana kama wanda ke tsakiyar hoto lafiya lau, launin fatar baƙin mutum yana fita da kyau ba sai an sha wahalar gyara ba. Katin 64 GB yana ɗaukar kusan awa shida a 24 Mbps, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana montaj ɗinsa. Ga mai biki da taro da dokumantari, ban ga wadda ta kai ta a wannan kuɗi ba.

Hattara: ramukan XLR na C100 a jikin hannun sama suke, wanda ake cirewa. In mai sayarwa ya ce hannun ya ɓata, rabin amfanin kamarar ya tafi, kada ka saya. Ka kuma tabbata Mark II ce, ba ta farkon ta 2012 ba, wadda madubin leƙawarta ƙarami ne kuma ba kowacce aka sa wa Dual Pixel ba.

*Sony a6400 da ZV-E10.* Ta farko ta 2019 ce, dalar Amurka 900, ta biyu ta 2021, dalar Amurka 700. Ƙanana ne, fokas ɗinsu yana bin ido, sun dace da mai aiki shi kaɗai a kan gimbal, wato mariƙin hannu mai hana girgiza. Amma 8-bit ne, launinsu bai kai na 10-bit yawa ba, batirinsu NP-FW50 ƙarami ne, kuma sansarsu, wato farantin ciki da ke karɓar hoto, ba ta rage girgiza. a6400 ba ta da ramin hedifon, ZV-E10 kuma ba ta da madubin leƙawa. Ka guji a6300 ko da an karya maka farashi: an san ta da ɗaukar zafi a 4K tun a ƙasashe masu sanyi, balle nan. Araha ba ta ado.

*Blackmagic Pocket Cinema Camera 4K.* Ta 2018, dalar Amurka 1,295, kuma sabuwa tana zuwa da lasisin DaVinci Resolve Studio. Hotonta ya fi na duk waɗanda na ambata daɗin gyaran launi, domin tana ɗaukar Blackmagic RAW da ProRes, tana iya rubutawa kai tsaye a SSD ta USB-C. Ita ce wadda matasa suka fi mafarki, ita ce kuma ta fi sa su kuka. Batirin LP-E6 da ke cikinta da ƙyar yake kai awa ɗaya, ba ta bin fokas, ba ta rage girgiza, allonta ba ya juyawa, fankarta tana jan iska da ƙura. Kafin ta zama abin aiki sai ka ƙara keji (firam ɗin ƙarfe da ake ɗaura mata kaya a kai) da babban batir da SSD da kwamfuta mai ƙarfi. In kuna da tawaga, da mai haske da mai jan fokas, fim mai labari kuke yi, bismilla. In kai kaɗai ne za ka bi ango a kan kabu-kabu, bar ta. Wajen sayen ta hannu ka tambayi lasisin Resolve, masu sayarwa da yawa sukan riƙe shi.

*Sony FX30.* Ta 2022, dalar Amurka 1,799 jiki kawai. Tana da fanka, da 10-bit, da fokas mai kyau, da batir NP-FZ100 mai ƙarko. Ga wanda kuɗinsa suka haura miliyan biyu, ita ce ta haɗa abin da sauran suka rarraba. Ga mai miliyan ɗaya, za ta cinye kuɗin sauti da na lens.

Akwai kuma tsofaffin Canon irin su 80D ta 2016, mai 1080 da fokas mai kyau da ramin hedifon. Ba laifi a fara da ita, musamman da yake lens ɗin EF sun cika kasuwar Kano.

4. Lens da filtar ND

Fara da lens biyu: zum ɗaya na aikin yau da kullum, da ɗaya mai buɗi sosai na dare da na fuska. A kan GH5, Lumix 12-35mm f/2.8 da 25mm f/1.7. A kan C100 ko 80D, EF-S 17-55mm f/2.8 da EF 50mm f/1.8 STM, wanda sabonsa ma a kan dalar Amurka 125 ya fito a 2015. A kan Sony, Sigma 16mm ko 30mm f/1.4. Ka tuna sansar GH5 da ta Pocket 4K ƙarama ce, lambar lens tana ninkuwa biyu, 25mm yana nuna abin da 50mm ke nunawa a babbar sansa. Ɗakunanmu na ƙasa ƙanana ne, sau da yawa bayanka na jikin bango kake ɗauka, saboda haka lens mai faɗi ya fi maka amfani fiye da mai jawo nesa.

Filtar ND kuwa ba ado ba ce a garin nan. Ga lissafin: da tsakar rana, in ISO (ƙarfin jin haske na kamara) na kan 400, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) na kan 1/50, kana son buɗin f/4 don bayan ɗan wasa ya ɗan dushe, hasken ya wuce kima da kusan mataki bakwai. Ba ND, sai dai ka kai shata wajen 1/6400, motsi ya riƙa fita a gutsure kamar na hoton waya. Sayi mai juyawa, irin ND2 zuwa ND400, mai faɗin bakin babban lens ɗinka, sannan ka sayi zobban rage baki don ƙananan.

Hattara: ND mai juyawa in ka kai shi ƙarshe yana zana baƙin gicciye a tsakiyar hoto, kuma na banza yana juya launi zuwa kore. Gwada shi a kan farar takarda.

5. Inda za ka saya

Hanya uku ce. Kano ta fi kusa, ta Matamai da Daura ko ta Magarya, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, kuma saboda Kannywood akwai kaya na hannu da masu gyara. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900, amma da sefa za ka biya ba ruwanka da canji. Ta uku ita ce a sayo maka daga Faransa ko Dubai ko Sin ta hannun ɗan kasuwa ko ɗan'uwa. A Faransa akwai kantunan kayan hoto na hannu da ke ba da garanti na wasu watanni, sai dai mayar da kaya daga Damagaram ba ƙaramin aiki ba ne.

Ko ta ina, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan kamara da lambarta, ka duba lambar da ke ƙasan jikinta ta yi daidai da ta takarda. Ita za ka nuna wa duwan a kan iyaka, ita ce kuma hujjarka in ta zama kayan sata. Ka tambayi abin da za a biya na shigo da kaya kafin ka tashi, ka sa shi a lissafi.

Hattara: kada ka tura kuɗi ga wanda ka gani a Facebook kawai don ya turo maka bidiyon kamara a hannunsa. In ba za ka je ba, wakilta wanda ya san aikin, ya gwada, sannan a biya.

6. Gwaji a gaban mai kaya

Tafi da katinka, da hedifon, da makirufo, da tocila, da kwamfuta in da hali. Bayan gaisuwa ka faɗi buƙatarka tun farko: "Alhaji, zan gwada ta kamar awa guda, in ta yi mu yi ciniki." In ya ce, "Haba Malam, daga Turai ta zo, ba abin da ya same ta," ka ce, "Na yarda, ranka ya daɗe, amma daga Damagaram na taso, in na koma dawowa da wuya." Mai kayan kirki zai miƙo maka kujera. Wanda ya ƙi, yi masa sallama.

Ga tsarin gwajin:

Da farko sa katinka, saita ta a mafi girman ingancinta, danna ɗauka, ka bar ta tana yi aƙalla minti 40, a waje cikin inuwa ba ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ba. Kana jira kana duba sauran kaya. In alamar zafi ta fito ko ta mutu da kanta, ka ga halinta.

Sannan sansa. Rufe lens zuwa f/16 ko f/22, nufi farin bango ko sararin sama, ka ɗauka kana ɗan motsa kamara. Duk ɗigon da ya tsaya wuri ɗaya alhali bango na motsi, a kan sansa yake. Mai dishi-dishi ƙura ce, ana gogewa. Dogon layi kuwa ƙarzuwa ce, ba magani. Daga nan rufe bakin lens da murfinsa, kai ISO 3200, ka ɗauki duhu na daƙiƙa goma, ka buɗe a kwamfuta: jan ɗigo ko shuɗi ko fari da ba ya gusawa, mataccen ɗigo ne.

Cire lens, buɗe shi duka, ka haska tocila ta baya kana leƙe ta gaba. Ƴar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa a jikin gilashi, wato funfuna, wadda ta yi yawa a kayan da suka daɗe a Legas ko Kwatano saboda laima. Juya zoben fokas da na zum, kada ka ji ƙaras-ƙaras na yashi.

Soka makirufo da hedifon, ka girgiza wayar a bakin rami kana saurare. Gwada HDMI, musamman ƙaramin nan na Sony mai saurin lalacewa. Gwada kowane ramin kati. Danna kowane maɓalli. Duba kusoshin jiki: in kawunansu sun cinye, an taɓa buɗe ta. Ɗora batir a kan tebur ka juya shi, in ya yi ta juyawa a kan cikinsa ya kumbura. C100 tana nuna awannin da ta yi aiki a cikin menu, duba.

Hattara: shiga menu ka tabbata akwai 25p da 50p, wato hoto 25 da 50 a daƙiƙa. Wasu ƙananan kamarori da aka yi don kasuwar Amurka, irin Lumix G7, 60 da 30 da 24 kaɗai suke yi. Ka kuma duba harshe: Sony da Panasonic da aka yi don cikin Japan sukan zo da Japananci kawai, ba Faransanci ba Turanci.

7. Batir, kati da ajiya

Batir uku ne mafi ƙaranci, da caja mai baki biyu. Mafi sauƙin hanya ga kamara mai cin wuta ita ce batirin NP-F970 da faranti da batirin bogi mai waya da ake sakawa a ramin na asali. Su NP-F ɗin nan su ne kuma ke kunna yawancin fitilun LED da ƙananan allo, ka ga iri ɗaya ya yi maka aiki uku. Kada ka soka caja kai tsaye a gurup ko a bango lokacin da kuran ke rawa, sa na'urar daidaita wuta a tsakani. In za ku ƙauye, wajen Mirya ko Gure, ku tafi da cikakkun batura da babban fawa-bank ko sola.

A jikin kati ka nemi alamar V. V30 yana rubuta 30 MB a daƙiƙa, ya ishi 4K mai 100 ko 150 Mbps. Ɗaukar GH5 mai 400 Mbps tana son V60 ko V90. A 100 Mbps awa ɗaya tana cin 45 GB, wato katin 64 GB bai kai awa ɗaya da rabi ba. A 400 Mbps kuwa awa ɗaya 180 GB ce. Gara katuna uku matsakaita da babba guda ɗaya, in ɗaya ya lalace ba duka aikin ya tafi ba.

Hattara: jabun kati sun cika kasuwa, a rubuce 128 GB, a ciki 16. Yana karɓar hoto lafiya, sai ka je montaj ka tarar da fayil ba ya buɗuwa. Gwada kowane sabon kati da H2testw, manhaja ce ta kyauta, kafin ka kai shi aiki. Kuma a cikin kamara ake goge kati, ba a kwamfuta ba.

Disk biyu za ka saya. Duk dare ka kwafe aikin ranar a duka biyun, ka buɗe ka gani da idonka, sannan ka goge kati. Ɗaya ya kwana a wani gida daban.

8. Sauti

Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in ba ya jin magana zai wuce. Makirufon jikin kamara na daidaita sauti ne kawai wajen montaj. Don hira da wasan mutum biyu, sayi na maƙalawa marar waya irin Rode Wireless GO II ko Hollyland Lark. Don fim, dogon makirufo irin Rode NTG2 a kan sanda, da rikoda irin Zoom H5 ko Tascam DR-60D. In kuɗi sun ƙare, Boya BY-M1 mai waya da Zoom H1n suna fitar da mutum kunya. Saita 48 kHz, magana ta riƙa kaiwa wajen -12 dB, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara farkon kowace ɗauka. Rigar makirufo mai gashi dole ce lokacin iskar hunturu, soson nan baƙi ba ya tare komai. Mai sauti ya sa hedifon daga farko har ƙarshe, shi zai ji injin niƙa na maƙwabta da kabu-kabu da fankar sama, waɗanda kunnenku ya saba da su har ba kwa ji. Gurup kuma a kai shi bayan katanga da doguwar waya.

9. Saitin ranar farko

Sa kamara a PAL, hoto 25 a daƙiƙa, shata 1/50. Wutarmu 50 Hz ce, in ka ɗauka a 30 ko 60 ƙarƙashin fitilar ɗaki za ka ga layuka suna yawo a hoto. In za ka rage gudun motsi, 50 a daƙiƙa da shata 1/100. A Sony, sauyawa tsakanin NTSC (tsarin 30 da 60) da PAL yakan nemi a goge kati, don haka ka yi tun kati ba komai. A a6400 da ZV-E10 da FX30 ka kai saitin kashewa saboda zafi zuwa na sama.

Daidaita fari da hannu, 5600K a rana, wajen 3200K a fitila mai ruwan ɗorawa. In ka bar shi a kai-da-kai, launin fuska zai riƙa sauyawa duk lokacin da mai jan mayafi ta gifta.

Babbar jarrabawa ita ce baƙin mutum cikin farar shadda a rana. In ka buɗe don fuska, riga ta ƙone ta zama fari fat ba aikin wuya ba komai. In ka rufe don riga, fuska ta nutse. Kunna zebra, layukan da ke nuna inda haske ya yi yawa, a 95 ko 100, rufe har layukan su bar rigar, sannan yaro ya riƙe faifan maido haske daga gefe ya cika fuskar. In da hali ka matsar da shi inuwar bango ko ta bedi, ko ku jira bayan la'asar.

Hattara: kada ka ɗauka a Log, wato dusasshen launin da ake gyarawa daga baya, da kamara mai 8-bit don ka ga ana yi a YouTube. Sama za ta rarrabe layi-layi wajen gyara, fata ta yi toka. Yi amfani da launi na yau da kullum ka ɗan rage kaifinsa, har sai ka ƙware da gyaran launi.

10. Zafi da ƙura

Takardun yawancin kamarorin nan sun ce a yi aiki da su tsakanin digiri 0 zuwa 40. A Damagaram, Afrilu da Mayu suna haura 40 a inuwa. Saboda haka a riƙe wa kamara lema, a janye allo daga jikinta don iska ta ratsa, a kashe ta tsakanin ɗauka, a lulluɓe ta da farin ƙyalle in tana jira. Batirin waje yana rage mata zafi fiye da na ciki. Kada a bar ta ko batura a cikin mota a rufe ko a ƙarƙashin kujerar babur.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kada ka canza lens a fili. Shiga ɗaki ko mota, kashe kamara, juya bakinta ƙasa, sabon lens ɗin yana hannun mataimaki a shirye, ka gama cikin daƙiƙa kaɗan. Sa filtar UV a bakin kowane lens ta karɓi yashin. Da dare ka bi jikinta da burushi mai laushi, ka hura da robar hurawa, ba da baki ba, kuma kada gefen riga ko rawani ya taɓa gilashi. Sansa in hurawa ta kasa, akwai sandunan goge ta masu zuwa da ruwansu, kowace sansa da girmanta: na GH5 daban, na a6400 daban. Shafa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa da ɗaya gefen, ka jefar da sandar. Ka sayo su tun ranar da ka sayi kamara, tare da jaka mai zif mai rufewa ruf da ƴan ƙullin nan masu shanye laima na lokacin damina, domin ba lalle ka same su a Kasuwar Dole ranar da kake bukata ba.